Yadda zaka yi cajin batirin motar rimot ba tare da ka jawo wa gidanku gobara ba

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida ina goge tayoyin motata ta rimot, sai ga yaron maƙocinmu ya shigo da sauri riƙe da batirin motarsa, yace Kawu duba min wannan abun ya ƙi shiga gidansa. Ina karɓa naji gabana ya faɗi, batirin ya kumbura kamar fanke, ga ɗumi a jikinsa, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na maganin goge farce. Nace a ina kayi cajinsa, yace a ɗaki, a kan katifa ya ajiye tun daren jiya saboda ba wuta, yace in an kawo sai ya ci caji da kansa. Ɗakin kuma su uku suke kwana a ciki shi da ƙannensa. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare da daɗi ba, don nasan abinda batir irin wannan yake yi in ya kama, kuma nasan ba laifin yaron bane, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa.

Motocin rimot sun yi yawa yanzu a Jos, wasu a shagunan Terminus da Ahmadu Bello Way ake saya, wasu ana yin oda ta intanet, wasu kuma tsaraba ce daga Dubai ko Sin. Kuma ba yara kaɗai ba, mu ma manya muna ciki, akwai masu ƙananan motocin kamfanin WLtoys, akwai wanda Allah ya hore wa ya sayi ta kamfanin Traxxas. Kowa zancen gudu yake, wa ya fi wa, amma zancen caji ba mai yi sai abu ya lalace. Toh bari in faɗi abinda na sani.

Kafin komai ɗauko batirin ka karanta rubutun jikinsa. Nasan mutane da yawa basu taɓa yi ba. Abu uku kake nema, irin batirin, bolt ɗinsa wato lambar da take da V a gaba, da kuma cikinsa wato lambar da take da mAh. Irin batirin zaka ga an rubuta NiMH ko NiCd ko LiPo ko Li-ion, wani lokaci LiFe. Waɗannan ba ɗaya bane ko kaɗan, kowanne da yadda yake cin wuta, kuma cajar wani tana iya kashe wani. NiMH da NiCd masu haƙuri ne, in ka zalunce su zasu yi zafi, su yi yoyo, su mutu da wuri, amma da wuya su tashi da wuta. Dangin lithium kuwa, LiPo da Li-ion, su basa yafiya. Duk wanda ya tuna abinda ya faru da wayar Galaxy Note 7 a 2016, har kamfanin Samsung ya janye ta daga kasuwa aka hana shiga jirgi da ita, toh dangin batirin kenan, kuma na cikin motarka ya fi na wayar ƙarfi sannan sau da yawa ba shi da wani kariya a cikinsa sai ledar da aka naɗe shi da ita.

Bari in fara da ƙananan motocin yara tunda su suka fi yawa a gidaje. Irin waɗanda suke zuwa da batir 4.8V ko 6V na NiMH ko NiCd, ko 3.7V na Li-ion, da wata 'yar igiyar caji mai kan USB da ɗan jan fitila. Abinda yake faruwa shine gida ɗaya mota biyu ko uku, igiyoyin duk kama ɗaya, bakin ma iri ɗaya baƙi ƙarami, sai yaro ya ɗauki ta wannan ya soka wa wancan. In igiyar batir 7.4V ce, ita 8.4V take fitarwa, ka soka wa batir 3.7V wanda iyakarsa 4.2V kaga ka ɗura masa ninki biyu kenan. Wani lokacin ma baki ɗaya ne amma an juya wayoyin, inda ja yake a wannan baƙi ne a wancan. Ni abinda nake yi mai sauƙi ne, ranar da aka buɗe kwali nake naɗa salatif a jikin igiyar in rubuta sunan motar da bolt ɗinta da biro, batirin ma haka. Sannan kan caja na waya na talakawa mai 5V ya isa, ba sai an nemo wani mai saurin caji ba.

Su NiMH ɗin nan masu zuwa da cajar bango marar ƙwaƙwalwa, ita bata san batir ya cika ba, in ka bar ta kwana biyu kwana biyu zata yi tana tura wuta. Kai zaka yi mata lissafi. Duba jikinta zaka ga nawa take fitarwa, misali 250mA, batirin kuma 700mAh. Raba 700 da 250 zaka samu kusan 3, ƙara ɗan lokaci saboda asarar da ake yi a hanya, awa 3 da rabi zuwa 4 ya isa in batirin ya ƙare sosai. Ka sa ƙararrawa a wayarka. Kuma hannunka ma ma'auni ne, NiMH in ya cika yana fara ɗumi, in yayi zafin da baka iya riƙe shi a tafin hannu ka wuce gona da iri, cire. Caja mai ƙwaƙwalwa ita tana gane cikar NiMH ne ta ɗan saukar da bolt ɗin yake yi in ya kai ƙarshe, sai ta tsaya da kanta, shi yasa tafi.

Yanzu LiPo, nan ne maganar take. Kowane batir na LiPo ƙwayoyi ne aka haɗa a ciki, muna ce musu sel. Sel ɗaya ana rubuta masa 3.7V, in ya cika maƙil 4.2V ne, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0V ba. Waɗannan lambobin ka haddace su kamar lambar wayarka. In kaga 2S sel biyu ne, 7.4V a rubuce, 8.4V in ya cika. In 3S ne sel uku, 11.1V a rubuce, 12.6V in ya cika. Duk aikin caja shine ta kai kowane sel 4.2V ta tsaya cak. In ta wuce, abubuwan cikin sel ɗin suna fara lalacewa suna fitar da iska, shine kumburin da kake gani, in aka ci gaba zafi yana haifar da zafi har ya kai inda ba mai iya tsayar da shi, sai wuta. Akwai wasu da aka rubuta musu LiHV da suke kai wa 4.35V, LiFe kuma 3.6V yake tsayawa, amma sai in kaga an rubuta ɓaro-ɓaro a jiki, kar ka zaɓi LiHV a caja don kana son ƙarin gudu alhali batirinka na 4.2V ne.

Zaka lura LiPo yana da wayoyi kashi biyu. Akwai masu kauri guda biyu ja da baƙi da suke zuwa mota, bakinsu ko XT60 mai ruwan ɗorawa ko Deans ja mai kamar harafin T ko na Traxxas. Sai kuma wani ɗan farin baki mai siraran wayoyi, uku a 2S, huɗu a 3S. Mutane da yawa suna ganin ɗan farin nan kamar ado ne. Shine wayar balans, ta nan caja take leƙa kowane sel shi kaɗai. Ga dalilin da yasa nake nacewa a kai. A ce batirinka 2S ne kuma ka soka manyan wayoyin kaɗai, caja jimla kawai take gani, tana jiran 8.4V. In sel ɗaya ya fara tsufa ya tsaya a 4.0V, ɗayan sai ya hau 4.4V kafin jimlar ta cika, caja tana ganin komai lafiya alhali sel ɗaya yana dahuwa. Da wayar balans a soke hakan ba zai faru ba, zata rage wa wanda ya yi gaba ta jira na baya. Yana ɗan ƙara lokaci, minti goma ko ashirin wani sa'in, ni dai kullum da balans nake yi ban damu da jiran ba.

Cajar da tafi yawa a hannun mutane ita ce iMAX B6 ta kamfanin SkyRC, shuɗiya mai maɓalli huɗu, da 'yar uwarta B6AC wadda ake sokawa a bango kai tsaye. Caja ce mai kyau in ta asali ce, amma an cika duniya da jabunta, kuma matsalar jabu ba wai bata caji bane, tana yi, ma'auninta ne ba gaskiya, zata nuna maka 4.20 alhali sel ya kai 4.3. In kana da mita ta masu gyaran lantarki, ko ka ara wajen mai gyaran waya na unguwa, bayan caji ka auna kowane sel ta ɗan farin bakin nan a hankali ka gwada da abinda caja ta faɗa. In banbancin yayi yawa kar ka ƙara yarda da ita a kan LiPo. Akwai kuma ɗan ƙaramin abun auna sel da ake sokawa a wayar balans, yana nuna kowane sel a jere, yana yin ƙara in bolt ɗin sel ya yi ƙasa, kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba, duk mai LiPo ya kamata ya mallaki ɗaya.

Ga yadda nake yi duk lokacin da zan yi caji, kuma tsarin yana da dalili. Ina fara cire batirin daga cikin mota, ba a caji yana ciki, don in wani abu ya faru motar roba ce zata ƙara wa wutar abinci kuma ba zaka ga kumburi ba. In juya shi a hannu in duba ko ya lotsa, ko ya kumbura, ko wata waya ta zare ko fatarta ta saluɓe. In auna sel ɗin, in naga ɗaya 3.7 ɗaya 3.3 na san akwai magana. Sai in kunna caja tukunna, in soka igiyar caji a jikin cajar kafin in haɗa ta da batir. Wannan kar ka juya shi. Ƙarshen igiyar da yake shiga caja ƙarafa ne guda biyu tsirara, in ka fara haɗa batir suna lilo suka taɓa juna, tartsatsin da zaka gani zai narkar da ƙarfen, batirin nan yana iya tura wuta mai yawan gaske cikin ƙiftawar ido. In kana sanye da zoben azurfa ma ka cire. In an gama kuma batir ake fara cirewa.

Bayan nan sai saiti. Ka zaɓi LiPo a fuskar cajar, ka zaɓi inda aka rubuta BALANCE, ka sa yawan sel, 2S ko 3S, ka sa ƙarfin cajin. In ka danne maɓallin farawa, B6 zata nuna maka lamba biyu, yawan sel da ita ta gano da wanda kai ka saka, tana jira ka tabbatar. Kar ka danna da ka. Ka karanta. In basu yi daidai ba ka tsaya ka nemo dalili. Babban hatsarin da nake tsoro shine gidan da ake da NiMH da LiPo duka, jiya an yi cajin NiMH an bar saitin a haka, yau an soka LiPo an danna. A saitin NiMH caja tana jiran bolt ya ɗan sauka ne kafin ta tsaya, shi kuma LiPo baya yin wannan saukar, sai tayi ta turawa har ya fashe.

Ƙarfin caji kuma lissafinsa ba wuya. Ɗauki mAh ka raba da 1000, abinda ya fito shine iyakar A, wato ƙarfin wutar cajin, da zaka sa. Batir 1500mAh irin na WLtoys 144001 sai 1.5A, 2200mAh sai 2.2A, 5000mAh sai 5A. Wannan shi ake kira 1C, kuma yana ɗaukar awa ɗaya da 'yan mintuna. In ka sa ƙasa da haka ba laifi, batirin ma ya fi jin daɗi. Inda mutane suke ruɗewa shine babban rubutun jikin batir, 30C ko 50C ko 100C. Wannan ƙarfin da yake iya bai wa mota ne, ba na caji ba. Na taɓa jin wani yana cewa ai nawa 50C ne zai ɗauki komai, gaskiya hankalina ya tashi. Wasu batiran an rubuta suna karɓar cajin 2C ko fiye, amma ni ina ganin saurin minti talatin bai kai a rage wa batir kwana ba, da tsadar da suka yi yanzu. Kuma ita B6 ɗin ma 50W ce, a kan 3S da ƙyar take wuce 4A ko me ka rubuta mata.

Sai wajen da za a ajiye. Ban da katifa, ban da kujerar falo, ban da kafet ko ledar ɗaki, ban da kusa da labule, ban da kan teburin katako, kuma don Allah ban da lungun da ake ajiye janareta da galan ɗin fetur ko kicin kusa da tukunyar gas. Siminti tsirara ko tayil, a baranda ko tsakar gida inda rana bata dukansa kuma ruwa baya kaiwa. Akwai jakar da ake sayarwa musamman don wannan wadda bata cin wuta, in ka samu ka saya, tana rage harshen wutar ko da bata hana hayaƙi. In baka samu ba ƙasarmu bata rasa dabara ba, ni tsohuwar tukunyar ƙasa nake amfani da ita, na zuba yashi busasshe a gindinta kamar tsawon ɗan yatsa, batirin yana kwance a kai, wayoyin sun fito ta baki, cajar tana waje. Bulo mai rami ma yana yi. Abinda ba a so shine a rufe shi ruf a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi gam, don in iska ta taru bata da mafita abun zai zama kamar bam, kuma ƙarfe tsirara yana iya haɗa wayoyin. A gefe kuma bokiti ne cike da yashi, kullum yana nan.

Amma duk wannan kayan aikin basu kai zamanka a wajen ba, kuma nan ne matsalarmu ta daban take. Turawan da suke rubuta takardar cikin kwali wuta bata ɗauke musu, mu kuwa mun saba da dabi'ar soka komai a bango mu kwanta, waya, tocila, fanka mai caji, in an kawo wuta cikin dare kowa ya sha. Wannan dabi'ar ce ta kusa ƙona ɗakin yaran nan. Wayar hannu tana da ƙwaƙwalwar da take yanke caji a cikinta, LiPo na mota yawanci ba shi da ita, amanarsa gaba ɗaya tana hannun caja, in caja ta samu matsala lokacin da wuta ta dawo da ƙarfi ba abinda zai tare. Don haka in an ɗauke wuta kana tsakiyar caji, cire batirin, ko da kana ganin yanzu za a dawo da ita. In an kira sallah kuma kai kaɗai ne, tsayar da cajin ka cire, in ka dawo daga masallaci ka ɗora, ba abinda zai same shi don an katse. In barci ya fara ɗaukarka cire. Awa ɗaya ce fa. Ni a wannan awar nake wanke motar, in duba sukurori, in sa mai a inda ya kamata, kowane minti goma in kai hannu in taɓa batirin. LiPo mai lafiya a cajin 1C kusan baya ɗumi, in kaji yana zafi ko kaga ya fara tasowa ka yanke nan take.

Da yake maganar wuta muke, ƙaramin janareta irin na shago wutarsa tana hawa tana sauka, musamman in mai ya kusa ƙarewa ko an kunna wani abu mai nauyi. In dole ne da shi zaka yi, ka bari ya daidaita tukunna kuma ka cire kafin a kashe shi. Abinda yafi min kwanciyar hankali shine batir 12V, na sola ko na motar hawa, saboda B6 tana karɓar 11V zuwa 18V kai tsaye, wuta ce shiru ba hawa ba sauka, ba ruwanka da an kawo ko an ɗauke. Sai dai ka tabbatar 12V ɗin ne, masu inbata da aka haɗa batira biyu suka zama 24V kar su soka kai tsaye. In da batirin mota ne a fili, ka kashe injin, ka sauke cajar da batirin ƙasa nesa da motar, ba a kan kujera ko cikin but ba, kuma kar ka yi ta jera caji har motar ta ƙi tashi. Lokacin damina kuma, kowa ya san tsawar Jos, in hadari ya haɗo ka cire komai daga bango. Shagon masu cajin waya kuwa kar ka kai musu LiPo, wayoyin mutane ne jibge a kan katako ɗaya.

Sanyin garin nan ma yana da nasa. A watan Disamba da Janairu in ka fito da safe zaka ga motar ba ƙarfi kamar batirin ya mutu, bai mutu ba, sanyi ne, lithium baya son sanyi. Kar ka kai shi kusa da kaskon garwashi ko murhu don ya ji ɗumi, sa shi a aljihun rigar sanyinka na ɗan lokaci ya isa, in dai ba makulli ko kwabbai a aljihun. Caji ma ka bari rana ta ɗan ɗaga. Zafi kuwa shi yafi kisa. In ka gama wasa batirin yana da ɗumi, ba shi minti 20 zuwa 30 ya huce kafin caji. Masu zuwa Abuja da motocinsu a watan Maris da Afrilu su kiyaye, motar hawa a rufe a rana cikinta yana iya wuce digiri 60, wannan kaɗai ya isa ya kumbura batir ba tare da an soka shi a komai ba.

Rabin lafiyar caji tun a filin wasa take farawa. In kaji motar ta fara rage gudu ka tsaya, kar kace bari in ƙara zagaye ɗaya. Motoci da yawa suna da saitin da yake yanke wuta in sel ya sauka wajen 3.2V, ka tabbatar yana kan LiPo, don wasu ana iya mayar da su kan NiMH kuma a nan ba zai yanke da wuri ba. In ka gama ka zare batirin daga motar ko da ka kashe makunni, don wasu suna ci gaba da tsotsa a hankali, bayan sati ka tarar sel ya koma 2V. Irin wannan caja mai kyau zata ƙi karɓarsa, kuma tana da gaskiya. Akwai dabarar da ake yaɗawa ta tayar da shi da saitin NiMH, ni bana ba kowa wannan shawarar, sel da ya sauka haka ya riga ya samu rauni a ciki. Mu masu hawa duwatsu da motocin nan wajen Shere ko Dogon Dutse, in mota ta faɗo da ƙarfi ka cire batirin ka ajiye a ƙasa ka zuba masa ido kamar rabin awa kafin ka sa a jaka, rauni na ciki baya nunawa nan take.

In ba zaka yi wasa ba sai bayan kwana uku ko fiye, kar ka ajiye shi a cike kuma kar ka ajiye shi a ƙare. Wajen 3.8V kowane sel ake so, cajar tana da saitin STORAGE da zai kai shi nan da kansa. Masu cika batir ranar Lahadi su ajiye sai wata Asabar, su ne batirinsu yake kumbura cikin 'yan watanni su ce an sayar musu da jabu. A ajiye inda yara basa kaiwa, bakin wayar a rufe da salatif.

Wata magana a gajarce kan masu haɗa batir da kansu daga ƙwayoyin 18650 na tsohuwar laftof. Ana yi, amma ƙwayoyin su zama iri ɗaya masu ƙarfi ɗaya, kuma a fitar da wayar balans. Sabbin da ake rubuta wa 9900mAh kuma ƙarya ce, 18650 na gaskiya wajen 3500mAh yake tsayawa.

In kuma Allah ya ƙaddara ya kama, ka fara yanke wutar bango daga nesa, ka fitar da yara, ka juye masa yashin nan gaba ɗaya. Kar ka ɗauka da hannu kace zaka jefar waje, kar ka rufe shi da bargo, kar ka sunkuya a kansa, hayaƙin guba ne yana ƙona maƙogwaro. Sel ɗin ɗaya bayan ɗaya suke kamawa, in wutar farko ta lafa kar ka matsa, ta biyu tana iya biyowa bayan ɗan lokaci. Ruwa ba a watsa shi inda wutar lantarki take a soke, sai an yanke. In ta kama wani abu a ɗakin ta fi ƙarfinka, fita ka kira 112 ka nemi 'yan kwana-kwana ka ɗaga murya maƙwabta su ji.

Batirin yaron nan da ya kumbura, yace min ko a huda shi da allura iskar ta fita sai ya koma daidai. Nace kul, huda shi ne abinda zai sa ya tashi a hannunka. Muka fito da shi bayan gida muka kwantar a cikin tukunyar yashi, na haɗa masa ƙwan sigina na mota mai 12V, muka ja baya muna kallo yana ci yana dusashewa har ya mutu, na bar shi a haɗe har washegari, na auna naga sifili, sannan na fere wayoyin biyu na murɗe su tare. Ban yarda an jefa shi a bola da sauran wutarsa ba, saboda a unguwarmu ƙona bola ake yi, kuma yaran da suke tsince-tsincen ƙarfe da gwangwani in suka samu fasa shi zasu yi da dutse su ga abinda ke ciki. Da daddare na shiga wajen babansa muka yi magana, ya ce wallahi shi ya ɗauka kamar batirin tocila ne. Yanzu an saya masa sabo, 2S 1500mAh, cajar tana wajena, duk Asabar da hantsi yake zuwa da shi ya zauna a kan benci, shi yake karanta min lambobin fuskar cajar kafin in danna.